Darasi na 12: Tayar da Tsohuwar Bas a Lokacin Sanyi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana kaɗowa daga hamadar Sahara ɗauke da ƙura da sanyi. A garin Jos, wanda yake bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, sanyin asuba yakan yi tsanani. Idan ka je tashar mota da sassafe, kana iya ganin yaran mota suna tura tsohuwar ƙaramar bas, irin su Toyota Hiace. Direban da motarsa ta ƙi tashi ya rasa lodin farko, wataƙila har da kuɗin cefanen ranar. A wannan darasi za ka koyi yadda ake gano matsalar, kuma aikin yana farawa ne da kunne.

Murɗa makulli, ka saurara. Idan ka ji ƙas-ƙas kawai, ko injin ya juya da nauyi, fara da batir. Sanyi yana rage ƙarfin batir, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, sai juya injin ya yi wuya. Kunna fitilun gaba, ka sake murɗa makulli. Idan haskensu ya dushe ƙwarai, batir ya yi rauni ko kawunansa sun yi datti. Kankare farin garin da ya taru a kansu, ka ɗaure wayoyin tamau. A ma'aunin bakanike, batir mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6.

Idan injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir ba shi da laifi. Injin fetur yana bukatar abu uku: mai, da iska, da tartsatsin wuta. Cikin sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa tsofaffin motoci masu kafireta suke da cok, wanda yake rage iska domin mai ya yi yawa. Ja cok, ka sake gwadawa. In ba ta tashi ba, kwance fulogi ɗaya ka duba. Idan ya jiƙe da fetur ko ya yi baƙi, sai a goge shi ko a sauya. Idan kuwa a bushe yake, mai ne ba ya isowa. Duba matacin iska ma, domin ƙurar hunturu tana toshe shi.

Injin dizal ba ya aiki da tartsatsi. Iskar da aka matse ce take yin zafi har ta kunna man. Saboda haka yana da hita, wadda take ɗumama cikinsa. Buɗe makulli, ka jira fitilar hita ta mutu, sannan ka tayar. Farin hayaƙi tare da wahalar tashi yakan nuna cewa hita ta lalace.

Ka kiyaye abu uku. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, domin sitata tana iya ƙonewa. Kada ka hura wuta a ƙarƙashin injin don ka ɗumama shi, gobara ba ta da wuyar tashi. Kada ka bar injin yana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙinsa guba ne mai kisa. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya gagare ka, kai wa bakanike.

Sababbin Kalmomi

dushe: raguwar haske
tamau: da ƙarfi sosai
tartsatsi: ɗan ƙyallin wuta
lodi: ɗaukar fasinja ko kaya

Tambayoyi

1. Me sanyi yake yi wa batir da baƙin mai?
2. Mene ne amfanin cok?
3. Me busasshen fulogi yake nunawa?
4. Me ya sa injin dizal yake bukatar hita?

Aiki

Rubuta jimloli biyar na hani, kowace ta fara da "Kada ka" ko "Kada ki".