Darasi: Canjin Ƙwayar Gado da Ciwon Amosanin Jini

Ya 'yan'uwa, 'ya'yanmu da ke makarantun boko suna karanta wani babi a ilimin halittu da ya kamata iyaye da waliyyai su sani, domin ya shafi ɗaurin aure. Babin shi ne canjin da kan auku a ƙwayar gado, wato rubutun da ɗa ke gadowa, rabi daga uwa, rabi daga uba.

Rubutun nan da haruffa huɗu ake yinsa: A, T, G da C. A ƙwayar da ke sarrafa sinadarin jan jini, harafi ɗaya tak ya canza, GAG ya koma GTG. Wannan shi ne asalin amosanin jini, wato sikila. Ƙwayoyin jinin mai ciwon sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, sai azabar ciwon ƙashi ta taso. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, amma lanƙwasasshiya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke ƙaranci. Likita James Herrick ya bayyana ciwon a Amurka a 1910. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai rabin gadon, wato AS, yana da kariya daga zazzaɓin sauro mai tsanani, dalilin yawaitarsa ke nan a ƙasashenmu.

To, a lura da kyau. Mai AS lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da shi ba. Idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki lissafinsa daban, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu kawai zai kamu ba. Saboda haka ɗora wa mace laifi, ko kiran yaron ɗan wabi, zalunci ne, domin uban ma ya ba da rabinsa. Auren zumunci da muke yi a Gaffati da sauran ƙasar Damagaram halal ne, sai dai dangi sukan yi tarayya a gado, don haka su suka fi bukatar bincike.

Binciken kuwa ɗan jini ne ake ɗiba a asibiti, kuma gara a yi shi tun kafin a sa rana, ba bayan an kai lefe ba. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta wannan gwaji, ta kuma hana a ɗaura aure sai da takardar sakamakonsa.