Hanya, Gona da Kurmi: Darasi Daga Ƙasar Birazil

A wannan darasi za mu karanta labarin Birazil, wata babbar ƙasa a Kudancin Amurka. Za mu ga abin da ke faruwa idan babbar hanyar mota ta ratsa kurmi. Za mu kuma koyi yadda ake tsara aiki don manomi ya ci moriyar hanya, ƙasa kuma ba ta mutu ba.

Kurmin Amazon

Kurmi daji ne mai duhu, inda ruwan sama yake da yawa. Itatuwansa dogaye ne, rassansu sun haɗe, har rana ba ta cika sauka ƙasa ba. Daga irin wannan ƙasa ake samun goro da koko da manja da katako.

Kurmin da ya fi kowanne girma a duniya shi ne Amazon. Ya shiga ƙasashe da dama, amma kusan kashi 60 cikin 100 nasa yana Birazil. Akwai mutane a cikinsa tun shekaru dubbai. Akwai ƙabilu 'yan asalin wurin, akwai masunta, akwai masu tatsar roba.

Itatuwan kurmi suna jan ruwa daga ƙasa, su fitar da shi ta ganye. Damshin ya hau sama ya zama hadari, ya sake zubowa. Iska tana kai wani sashe nasa har gonakin da ke nesa. Saboda haka wanda ya sare kurmi, ya rage wa manoma ruwan sama.

Hanya ta farko

A shekarar 1970 an yi mummunan fari a arewa maso gabashin Birazil. Talakawa suka shiga yunwa. Shugaban mulkin soja na lokacin, Janar Medici, ya ce a gina hanya ta ratsa kurmi, a kai marasa gona can. Hanyar ita ce BR-230, tsawonta ya kai kilomita 4,000. An buɗe ta a 1972.

Gwamnati ta yi niyyar zaunar da iyalai 100,000, kowane gida ya sami hekta 100. Kaɗan daga ciki aka iya zaunarwa, kuma da yawansu sun sha wuya. Mafi yawan hanyar ba kwalta. Da damina taɓo yakan riƙe motoci kwana da kwanaki, amfanin gona ya ruɓe kafin ya isa kasuwa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutane. Asibiti da makaranta sun yi nisa. Babbar matsalar kuwa ita ce ƙasar noman kanta.

Me ya sa ƙasar kurmi take gajiya da wuri?

Wanda ya ga manyan itatuwa zai zaci ƙasar tana da ƙarfi ƙwarai. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Abincin ƙasar yana jikin itatuwa da ganyen da ke zubowa. Ganye ya faɗi, ya ruɓe da sauri saboda zafi da damshi, saiwoyi su shanye nan da nan.

Idan aka yi sassabe aka sa wuta, toka takan zama taki. Shekara ta farko da ta biyu a sami albarka. Daga nan ruwan sama mai ƙarfi ya wanke takin, tun da babu inuwar da za ta kare ƙasa. Bayan 'yan shekaru gona ta gaji. Sai manomi ya sayar wa mai shanu da arha, ya ƙara nutsawa cikin kurmi ya yi sabon sassabe. A yau mafi yawan kurmin da aka sare a Birazil ya zama makiyayar shanu.

Hanya ɗaya kuma takan haifi hanyoyi da yawa. Masu yankan katako su fasa tasu, masu neman fili su bi bayansu. A hoton da tauraron ɗan'adam yake ɗauka, wurin yakan fito kamar ƙayar kifi: babbar hanya a tsakiya, ƙanana sun fita dama da hagu, daji ya ƙare a gefensu.

Haka ya faru a jihar Rondoniya bayan 1980, da aka shimfiɗa kwalta a hanyar BR-364 da bashin Bankin Duniya. Jama'a suka kwararo, kurmi ya yi ta faɗuwa, rikicin fili ya tashi. A jihar Akre mai maƙwabtaka, shugaban masu tatsar roba, Chico Mendes, ya tsaya kare dajin da mutanensa suke ci daga gare shi. An harbe shi a watan Disamba na 1988. Bayan rasuwarsa gwamnati ta fara keɓe dazuzzuka inda mazauna wurin za su tatsi roba su tsinci 'ya'yan itace, ba tare da an share dajin ba.

Hanya ta biyu, da tsari

Akwai wata hanya mai lamba BR-163. Ta tashi daga birnin Kuyaba zuwa Santarem a bakin kogin Amazon, fiye da kilomita 1,700. Manyan manoman waken soya sun matsa a sa mata kwalta, don tireloli su kai kaya tashar jirgin ruwa da sauƙi. Da jin labarin kwalta, masu ƙwacen fili suka ruga suna share daji tun aiki bai fara ba.

A 2004 kaɗai an sare kurmi kimanin murabba'in kilomita 27,000 a Birazil. Gwamnati ta ga abin ya yi yawa. Ta ƙaddamar da shirin hana sare kurmi, sannan a 2006 ta fito da tsari na musamman don yankin wannan hanya, bayan an yi taruka da mutanen garuruwa. Aka keɓe gandun daji a gefen hanya. Aka sa ido da tauraron ɗan'adam, jami'ai suna zuwa inda aka ga ɓarna. Manyan 'yan kasuwa suka yi alkawarin daina sayen waken soya da aka noma a sabon sassaben kurmi. Doka kuma ta ce mai gona a kurmin Amazon ya bar kashi 80 cikin 100 na filinsa daji.

Aikin ya yi amfani. A 2012 abin da aka sare bai kai murabba'in kilomita 5,000 ba. Amma da aka sassauta tsaro, ɓarna ta dawo, har ta wuce murabba'in kilomita 13,000 a 2021. Tsari a takarda ba ya tsare daji, sai da jami'ai masu gaskiya da jama'a masu sa ido.

Noman da ya dace da kurmi

A garin Tome-Asu na jihar Para akwai manoma da kakanninsu suka zo daga Japan tun 1929. Akwai lokacin da suka dogara ga masoro kaɗai, suka yi arziki. Sai cuta ta kama shukar, gonaki suka mutu. Daga nan suka koma haɗa shuke-shuke a gona ɗaya. Ayaba da sauran masu saurin nuna suna ciyar da gida a shekarun farko. Koko yana girma a inuwarsu. Manyan itatuwa kuma suna tasowa a hankali. Ƙasa ba ta zama tsirara, ganye yana mayar mata da taki, manomi ba ya bukatar sabon sassabe. Idan farashin abu ɗaya ya faɗi, wani ya rufa asiri. Manoman koko a Kudancin Najeriya da Gana sun san irin wannan, domin sukan haɗa koko da goro da ayaba.

A nan gida

A 2015 gwamnatin jihar Kuros Riba a Najeriya ta shirya gina babbar hanya mai kilomita 260, ta ratsa kurmin jihar. Ta ce za ta karɓe fili kilomita 10 a kowane gefen hanya. Mutanen Ekuri da wasu ƙauyuka suka ƙi yarda, suka kai kuka. A 2017 gwamnati ta janye batun karɓe filin. Mutanen ƙauye da suka san haƙƙinsu suna iya gyara babban aiki.

Abubuwan riƙewa

1. A tantance mai kowane fili, a ba shi takarda, kafin injin gina hanya ya iso.
2. A auna ƙasa, a san inda ya dace da noma da inda za a bari daji.
3. A zauna da mazauna wurin, maza da mata, a ji ta bakinsu.
4. A gyara tsohuwar hanya da tsofaffin gonaki kafin a fasa sabon daji.
5. A tanadi malaman gona da asibiti da makaranta da kasuwa tare da hanya.

Tambayoyi

1. Me ya sa gonar sassabe a kurmi take gajiya da wuri?
2. A wace shekara aka buɗe hanyar BR-230?
3. Me manoman Tome-Asu suka yi bayan cuta ta kashe masoronsu?
4. Rubuta abu biyu da ya kamata a yi kafin a gina hanya.

Hanya alheri ce. Ita take kai mara lafiya asibiti, ta kai hatsi kasuwa. Amma Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ya kai mai karatu, idan ka ji za a fitar da hanya ta garinku, ka halarci taron. Ka tambayi inda za ta bi, da makomar gonaki da burtali da gandun daji. Kada ka sa hannu a takardar fili sai ka karanta ta da kanka.