Ciniki da Dalilan Sayayya: Nazari Daga Kasuwannin Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Masana harkar kasuwanci sun daɗe suna nazarin abin da ke sa mutum ya sayi wannan kaya ya bar wancan. Philip Kotler na ƙasar Amurka, wanda littafinsa kan sarrafa kasuwanci ya fara fitowa a 1967, ya kasa dalilan gida huɗu: al'ada, zamantakewa, yanayin mutum na ƙashin kansa, da abin da ke cikin zuciyarsa. Rabon yana da amfani, amma an gina shi ne a kan mai saye da ke shiga kanti ya tarar da farashi a rubuce. Bahaushen ƙauye ba haka yake sayayya ba. A wajensa farashi abu ne da ake ƙullawa da baki, shi ya sa wannan batu ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. An ɗauki misalan darasin daga ƙananan hukumomin Batsari da Safana na yammacin Jihar Katsina, waɗanda ke maƙwabtaka da dajin Rugu.

2.0 Lokaci da Aljihu

Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, don haka kuɗi ba ya shigo masu wata-wata kamar na ma'aikaci. Da kaka ne hannu ke buɗewa. A lokacin ake sayar da gero da dawa da wake da gyaɗa, a biya bashi, a yi tufafi, a ɗaura aure. Da damina ta yi nisa kuwa, rumbu ya yi ƙasa, sai ka iske wanda ya sayar da hatsi buhu-buhu da araha ya dawo yana awon tiya da tsada. Wanda bai san ƙauye ba zai ce rashin tsari ne. Alhali bashin taki da hidimar biki ba sa jiran farashi ya tashi.

Tun a 1857 Ernst Engel na ƙasar Jamus ya lura cewa gwargwadon ƙarancin abin hannun gida, gwargwadon yawan kason da abinci ke cinyewa a cikinsa. Wannan ne ya sa ƙaramin mai saye ya fi karkata ga ƙulli: ƙullin sukari, ƙullin gishiri, man ƙulli. Ya san sari ya fi sauƙi, amma kuɗin yau na cefanen yau ne. Azumi da Sallah su ma suna da nasu hukuncin, domin magidanci kan matse wata buƙata don ya yi wa yara ɗinki ko ya sami abin layya.

3.0 Harshen Ciniki

A nan ne ya kamata ɗalibi ya fi tsayawa. A duba wannan misali na cinikin akuya:

Mai saye: Baba, ina kasuwa? Nawa wannan?
Mai kaya: Da godiya, yaro. Taya mana.
Mai saye: Na saya naira dubu 40.
Mai kaya: Albarka.
Mai saye: To, na ƙara biyar, don girman Allah a duba ni.
Mai kaya: Ko uwar kuɗi ba ka kawo ba. Cika 50 in sallama maka.

Abin lura na farko shi ne mai kaya bai faɗi farashi ba, sai ya ce a taya. Da haka yake auna aljihun mai saye da kuma saninsa da kasuwa. Na biyu, kalmar "albarka" ƙin amincewa ce, amma an lulluɓe ta da addu'a don kada a kunyata wanda ya yi tayi. Da ya ce "ban sayar ba" kai tsaye, da ƙofar ciniki ta rufe. Kiran "Baba" da "yaro" shi ma ba ado ba ne kawai, domin yana ɗora wa kowane ɓangare nauyi: babba ya sassauta, yaro kuma kada ya yi tayin wulaƙanci. Kalmar "sallama" kuwa ita ce hatimi. Da zarar an furta ta, janyewa abin kunya ne ko da wani ya zo da tayin da ya fi.

Akwai kuma gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye bayan an gama awo. Ƙimarta ba ta taka kara ta karya ba, amma sau da yawa ita ke sa mace ta riƙa aika yaro wajen mai awo guda shekara da shekaru. A cinikin dabbobi da hatsi mai yawa, dillali ne ke shiga tsakani ya karɓi la'ada. Ba haɗa ciniki kaɗai ne aikinsa ba, shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma a yankin da satar shanu ta yi ƙamari wannan shaida ta fi rangwamen farashi daraja.

4.0 Idon Jama'a

Ba kullum mai biyan kuɗi ne mai zaɓe ba. Matan aure da yawa ba sa zuwa kasuwa, amma su ke yanke abin da za a sayo, ta bakin miji ko yaro ko dillaliya mai shiga gida-gida. A kayan ɗaki da lefe kuwa, abin da dangi da maƙwabta za su ce ya fi ƙarfin buƙatar amarya kanta. Uwa takan yi adashi na tsawon lokaci don kada a raina 'yarta ranar jere, kuma karin maganar nan ta "araha ba ta ado" tana aiki sosai a irin wannan wuri. Bashi ma yana ɗaure mai saye: wanda mai kanti ya rufa wa asiri da damina ba ya tsallake shi da kaka don wani ya rage masa naira hamsin.

5.0 Tsaro da Manufofin Hukuma

Littattafan kasuwanci ba su cika sanya tsoro a jerin dalilan sayayya ba, amma a Batsari da Safana ya zama babban dalili. Hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu, suka mayar da manomi mai sayar da hatsi ya koma mai awo. A ƙarshen watan Agusta na 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da waɗannan biyu, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a yankin na wasu watanni. Ga mutumin da akuya ce asusunsa, rufe kara daidai yake da rufe banki, domin sai ya sayar da ita yake sayen magani ko hatsi.

Canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya yi a ƙarshen 2022 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. A lokacin, mai saye kan nufi wanda zai karɓi tiransifa ko ya ba da bashi, ko da kayansa sun fi tsada. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota, sai tafiya kasuwa mai nisa don neman sauƙi ta daina biyan kanta.

6.0 Auna Fahimta

1. Yi bayanin ma'anar "taya" da "albarka" da "sallama" da "gyara" a harshen ciniki, tare da misalai.
2. Ziyarci kasuwar da ta fi kusa da kai, ka rubuta ciniki guda kamar yadda ka ji shi, sannan ka fito da kalmomin girmamawa da aka yi amfani da su da tasirinsu a kan farashi.
3. Tsara yadda za ka koyar da wannan darasi ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ta hanyar wasan kwaikwayo.