DARASI: KA NEMI LIKITANCI AN BA KA WANI KWAS, KARATUN YA TASHI A BANZA KE NAN?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonnin matasanmu na Gusau, Tsafe da Bungudu: "Malam, likitanci na nema, aka ba ni ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta. Na gama, na yi bautar ƙasa, ga ni zaune. Shekaruna sun tafi a banza ke nan?"

Ba su tafi ba. Mu fara da Zaidu bin Sabit (RA). Yana yaro Manzon Allah (SAW) ya iso Madina. Ya so fita Badar, aka mayar da shi saboda ƙarancin shekaru. Aka rufe masa ƙofar da yake so, sai aka buɗe wata: Annabi (SAW) ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya ƙware cikin kusan rabin wata. Ya zama marubucin wahayi, ya yi fice a lissafin gado, daga baya Sayyidina Abubakar (RA) ya ɗora masa tattara Alƙur'ani. Ku duba yadda ya yi aikin. Duk da haddarsa, sai da ya bi rubuce-rubuce da ƙirazan mutane, yana gwada wannan da wancan kafin ya tabbatar.

Akwai wani ɗalibina ɗan Tsafe da ya gama wannan kwas ɗin a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Aikin asibiti bai samu ba. Ya koyar a wata makarantar kuɗi a Bungudu, albashin ko kuɗin mota ba ya kaiwa. Ya koma sana'ar POS. A nan ne fa, don ya gane inda kuɗinsa ke zurarewa, ya fara shigar da cinikinsa a Excel. Da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, sana'ar ta tsaya cak, sai ya duƙufa kan darussan da ya riga ya sauke a tsohuwar kwamfutarsa. Daga Excel ya wuce SQL, ya wuce Power BI. Yau yana nazarin bayanai wa wata ƙungiyar kiwon lafiya. Ya ce mini ba don ya fi kowa iya kwamfuta aka ɗauke shi ba. An ɗauke shi ne don in ya ga alƙaluman cuta ya san abin da suke nufi, kuma ɗakin gwaje-gwaje ya koya masa kada ya yarda da sakamako sai an maimaita.

Kada wani ya ɗauka wannan aikin wasa ne na masu zama gaban kwamfuta. Mun ga sanƙarau da ya fara a jihar nan ƙarshen 2016. Kafin ya lafa a 2017, an samu sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni: in aka samu mutum 10 cikin 100,000 a mako ɗaya, annoba ta tabbata, a hanzarta rigakafi. To wa zai gane an kai wannan adadi in ba a tattara rahoton asibitocin karkara ba, ko an tattara an bar shi cikin durowa? Mutuwa ƙaddara ce, babu shakka. Amma riƙon sababi ma umarni ne. Sayyidina Umar (RA) da kansa ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da rabon kowa, don kada haƙƙi ya salwanta.

Hanyar koyo kuwa ta yi sauƙi. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, kuma nazarin bayanai yana cikin fannoninsa. Akwai Arewa Data Science Academy da 'yan Arewa suka kafa. Sai dai ban yi wa kowa alƙawarin aiki ba, arziki na Allah ne. Masu neman sun yi yawa, kuma takardar shaida ta wata uku ba ta isa ba, sai ka nuna abin da hannunka ya yi. Ka fara da abin da ke gabanka: rajistar Islamiyyarku, jerin marayun unguwa, kuɗin da ke shiga asusun masallaci da wanda ke fita.

Sai gargaɗi, kuma a nan na fi son ku saurara. Wata rana oga zai ce maka: "Ɗan ƙara adadin yaran da aka yi wa allura," ko "Cusa sunayen nan cikin 'yan gudun hijira." Wallahi wannan shaidar zur ce, ko da da madannin kwamfuta aka yi ta. Ƙauyen da ka rubuta an gama masa rigakafi ba za a sake tura masa ma'aikata ba. Sunan bogi ɗaya kuma buhun wata bazawara ne da 'yan bindiga suka raba da garinta. Haka sunaye da lambobin wayar marasa lafiya, amana ce a hannunka, bai halatta ka tura wa kowa ba, ko da abokin aikinka ne, sai da izini.

Wallahu A'alam.