Darasi Daga Lambu: Ɓarna Takan Soma Da Ƙwai

Karatu: Matiyu 6:19-21, Karin Magana 27:23, Ibraniyawa 3:13

Gabatarwa

Da zarar damina ta kankama a Dutse Alhaji, cikin ƙaramar hukumar Bwari, iyalai da dama sukan shuka masara da kuɓewa da tumatir a bayan gida. Da dare kuma, wasu ƙwari masu fikafikai launin toka sukan kewaye fitilar ƙofar gida. 'Yan'uwan malam-buɗe-littafi ne, sai dai su da dare suke yawo, kuma danginsu ɗaya da asun da yake cin tufafi a akwati. Iyalin da suka zauna suka lura da rayuwarsu za su sami ilimin noma da na ruhaniya gaba ɗaya.

Matakai Huɗu

Akwai wani iri daga cikinsu wanda asalinsa daga nahiyar Amurka ne. A farkon shekarar 2016 aka fara tabbatar da ɓullarsa a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, kuma tsutsarsa ce take cinye masara. Macen takan saka ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule a jikin ganye, ta lulluɓe su da wani abu mai kama da auduga. Bayan kwana 2 ko 3 sai su ƙyanƙyashe. Tsutsar takan yi kamar mako 2 tana ci, sa'an nan ta sauka ta shiga ƙasa, ta kwanta cikin kwanso fiye da mako guda, ta fito da fikafikai. A lokacin zafi, duka wannan yakan ɗauki kamar wata ɗaya kawai.

Yadda Za A Duba

Iyaye su fita da yara da sassafe, su juya ganyen masara su duba ƙarƙashinsa. Ƙananan tsutsotsi sukan kankare ganye har ya zama shara-shara. Manyan kuwa sukan ɓuya a zuciyar masarar, inda sabon ganye yake fitowa, suna barin kashi mai kama da garin katako. Ana gane babbar da alamar harafin Y a kife bisa kanta, da ɗigo 4 baƙaƙe kusa da wutsiya. In an ga ƙwai, a murƙushe su da yatsa. In tsutsa ce, a tsince ta a ba kaji. Amma a gargaɗi yara kada su taɓa gizaka, gama gashinta yana sa ƙaiƙayi.

Ba dukan waɗannan ƙwari ne maƙiya ba. Waɗansu suna kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, waɗansu kuma daga kwansonsu aka sami zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Saboda haka a duba da kyau kafin a kashe.

Darasi Domin Iyali

Aikin daƙiƙa ɗaya ne a kawar da ƙwai 200 tun suna manne a ganye. Idan aka yi sakaci mako 2, tsutsar ta riga ta shige inda hannu da magani ba sa kai mata da sauƙi. Haka zunubi yake a gida. Ƙaramar ƙarya, ko abin da yaro yake kallo a waya a ɓoye, ko fushin da miji da mata suka kwana da shi, duk ƙwai ne a ƙarƙashin ganye. Marubucin Karin Magana ya gargaɗi makiyayi ya san halin da garkensa yake ciki, wasiƙar Ibraniyawa kuma ta umarci masu bi su riƙa ƙarfafa juna kullum, don kada zunubi ya taurare zuciya. Ubangiji Yesu da kansa ya ambaci asu domin ya nuna cewa dukiyar duniya ba ta dawwama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ya fi sauƙi a magance ƙwai da a magance tsutsa?
2. Wace ƙaramar ɗabi'a ce ya kamata a kawar daga gida a wannan mako?

Abin Addu'a

A roƙi Allah ya ba iyaye idon lura da zuciyar haƙuri, ya kuma sa albarka a amfanin gonar bana.