Darasi: Kunnen Mai Yankan Itace, Da Yadda Na Sama Zai Ji Na Ƙasa

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan kunne yake. Da rani ne ake rage rassan mangwaro a lambu, ana datse dogon yaro da ya hau kan rufin ɗaki tun iskar farkon damina ba ta karya shi ba. A dā da gatari da adda ake wannan aiki. Yanzu kuwa, daga Morai har Bakura da Maradun, akan kira mai injin yankan itace, ya gama kafin azahar abin da dā sai an yi kwanaki a kai.

Mai gatari yana jin kome. Yana jin reshe ya fara kuka kafin ya karye, yana jin na ƙasa ya ce, "Dakata, ga yaro!" Mai inji ba ya jin ko ɗaya. Ban da haka, injin nan yana cin kunnensa a hankali, shi kuwa bai sani ba.

Masana suna auna ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaure takan kai desibel 60. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta nuna a 1998 cewa kunne zai iya ɗaukar desibel 85 har awa 8 a yini. Amma duk sa'ad da aka ƙara desibel 3, sai a raba lokacin biyu. Wato 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2, 94 awa 1, idan ya kai 100 kuwa minti 15 kaɗai. Injin yankan itace yakan kai wajen 110 a kunnen mai riƙe da shi. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga bai cika minti 2 ba. Mutumin nan kuwa tun hantsi yake yanka.

Ba mu da na'urar awo, amma ga gwaji mai sauƙi. Idan ɗan'uwanka yana tsaye kusa da kai, nisan hannu ɗaya, amma sai ka yi ihu kafin ya ji ka, to, ƙarar wurin ta kai ta yi ɓarna. Ku gwada wannan a ɗakin injin niƙa, da wurin casar shinkafa, da gindin injin ban ruwa, gama tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 injuna sun yawaita a ƙasarmu.

Yaya ɓarnar take faruwa? Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai 'yan ƙananan gashi wajen 16,000 waɗanda ido ba ya gani, su ne suke kai sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da gero. Idan sau ɗaya ne, sukan tashi bayan an huta. Idan kullum ne, sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu sassaƙe da zai komo da shi. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa yin "shuuu" da dare bayan aiki. Daga nan sai mutum ya ga yana jin muryar maza amma ta yara da ta mata tana ɓace masa, a taro kuma yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi. A gida sai a ce maigida ya zama mai faɗa, alhali kuwa ji ne ba ya yi.

Waɗansu sukan cusa auduga. Auduga kaɗan ƙwarai take tarewa, ta dai fi sa mutum ya zaci ya tsira. Abin da yake aiki iri biyu ne. Akwai ɗan soso na toshe kunne: ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka sa shi, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Akwai kuma marufin kunne mai kama da ƙoƙo biyu, wanda akan haɗa da hular kwano. Ga injin yankan itace an fi so a sa duka biyun. Abin sauraron waƙa na waya ba ya cikin lissafi, ƙara ce kawai a kan ƙara. Mai inji kuma kada ya cire salansa, ya riƙa wasa sarƙa da magagari, gama dakusasshiyar sarƙa tana tsawaita aiki, kunne kuwa lokaci yake ƙirgawa.

To, ga inda wuyar take. Masu inji da yawa sukan ce, "Idan na toshe kunne, yaya zan ji kira?" Wannan magana tana da gaskiya a ciki, kada mu raina ta. Amma ko bai toshe ba, muryar mutum ba ta ƙetare ƙarar injin. Ashe tun dā ba ji yake yi ba.

A Turai da Amurka masu hawan itace sun warware wannan da hular kwano mai oba-oba a cikin marufin kunne, da ɗan makirfo a bakin mutum. Kamfanoni irin su Peltor da Sena suna yin su. Na sama yana magana da na ƙasa ba tare da ya saki igiya ko inji ba, na'urar tana rage ƙarar inji tana barin murya ta wuce. Abu ne mai kyau, sai dai tsada, ga neman caji. Amma ku lura, ko su da suke da ita ba su bar tsohuwar doka ba: na sama ya yi kira, na ƙasa ya amsa, sa'an nan a yanka. Wannan doka ba ta bukatar ko sisi.

Ga yadda za mu yi. Kafin a ta da inji, a zaɓi mutum ɗaya tak ya zama mai tsaro. Ya tsaya inda mai inji zai gan shi, da jan ƙyalle a hannu da usur a wuya. Kafin kowane reshe, mai inji ya saki wuta, ya dubi mai tsaro, ya ce, "Zan sake!" Mai tsaro ya duba gabas da yamma, ya ɗaga hannu ya ce, "Sake!" Idan bai amsa ba, ba a yanka. Shiru ba amsa ba ce. Ƙyalle a sama ko busa ɗaya mai tsawo, ma'anarsa a tsaya nan take, ko da an kai rabin reshe. Idan itacen duka za a kayar, kowa ya ja da baya ninki biyu na tsawonsa. Mai tsaro ba ya jan igiya, ba ya tara itace, aikinsa ido ne kaɗai, musamman a kan yara da mata masu zuwa tsintar ƙirare, da awaki masu bin ganye.

A taronku na gaba ku tambayi junanku: su wane ne a cikinmu suke yini kusa da inji, wa kuma kunnensa ya fara ƙara da dare? Wanda ya fara, a raka shi asibiti a duba shi. Ma'aji ya binciko kuɗin hular kwano biyu masu marufin kunne, da usur, da fakitin soson kunne, a ajiye su tare da sauran kayan ƙungiya. Hula da marufi ana iya aronsu, a goge bayan aiki. Soson kunne kuwa kowa da nasa.