Madubi mai ƙwaƙwalwa ko allon bango?

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki a Ƙaraye. Ita tana son madubin zamani mai nuna lokaci da labarai, ni kuma na fi son allon bango mai lokutan sallah. Wanne zan saya?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ki sayi allon.

Madubin nan gilashi ne da aka ɗora a kan fuskar kwamfuta. Sai da wuta da intanet yake aiki, in babu su ya koma madubin da kowa ya sani, ga tsada. Abin da ya fi damuna shi ne wasunsu na ɗauke da kyamara da makirufo. Ɗakin amarya wurin sirri ne, ban yarda a rataya masa ido da kunne ba.

Allon kuwa, irin agogon Al-Fajr ko Al-Harameen, cin wutarsa kaɗan ne, wasu ma batir kawai suke so. Yana nuna kwanan watan Musulunci, yana kiran sallah.

Amma ki kula da saitinsa. Ƙaraye na yamma da birnin Kano, don haka rana na faɗuwa a wajenku kimanin minti 2 bayan ta faɗi a birni. In an saita shi a kan Kano, a daidaita shi da ladanin unguwa, musamman saboda buɗa-baki.

A gwada shi a gabanki kafin ki biya. Canjin ki saya mata madubi mai kyau na katako.